An Ɗinke Cikin Doki, Amma Tsugunne Ba Ta Ƙare Ba

Maganarmu ta wannan mako ta dawaki ce, ta kuwa shafi duk mai turke a gidansa, tun daga bargar sarki wadda Shamaki ke lura da ita, da bargunan masu ƙwallon dawaki na Kaduna da Katsina da Ikko, har zuwa saurayin da ya yi adashi ya sayi ɗan akawalinsa domin hawan angwanci.

Kowa ya zauna da doki ya san ciwon ciki. Doki ya ƙi abinci, ya dinga kartar ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen kwiɓinsa, ya kwanta ya tashi, ya yi birgima, gumi yana tsattsafo masa. Galibi abin yakan wuce da allura da ƙarin ruwa da ɗan zagayawa da shi. Wata ƙidaya da Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta yi a 1998 ta nuna cewa a cikin kowane dawaki 100 akan sami ciwon ciki sau 4 da 'yan kai a shekara, kuma waɗanda aka kai ga yi wa fiɗa ba su cika kashi 2 cikin ɗari na masu ciwon ba. To, a kan waɗannan 'yan kaɗan ɗin ne za mu tsaya, watau dawakin da hanjinsu ya murɗe, ko ya shaƙe, ko ya toshe, har babu sauran dabara sai a sa musu barci a tsaga ciki.

Tun daga wajen shekarun 1970 likitocin dabbobi na Ingila da Amurka suka ƙware a wannan aiki, har ya zama yau mafi yawan dawakin da suka farfaɗo daga barcin fiɗa sukan koma gida da ƙafafunsu. Sai dai akwai wata masifa da ke laɓewa ta jira. An yi aiki lafiya, an biya kuɗi masu nauyi, an cire zare, mai doki ya yi ta karɓar barka, sa'an nan bayan mako huɗu ko shida doki ya koma kartar ƙasa. In aka sake buɗe shi sai a tarar hanji ya manne da hanji, ko ya manne da bangon ciki, ya lanƙwashe kamar mesar da aka taka, abinci ya kasa wucewa. Wannan shi ne mannewar hanji. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1989 ya bi sawun dawakin da aka yi wa aiki a ƙaramin hanji, ya sami kashi 22 cikin ɗari sun kamu da mannewar da ta kai ga a sake fiɗa ko a rasa dokin, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suka yi tsawon rai. An ci gaba tun daga lokacin, amma har yanzu mannewa tana cikin manyan abubuwan da ke mayar da doki kan teburin fiɗa karo na biyu.

Domin a gane dalili, sai mu dubi yadda cikin doki yake. Tumbinsa ƙarami ne in aka kwatanta da girman jikinsa, lita 8 zuwa 15 kawai yake ci, kuma doki ba ya amai, saboda ƙofar tumbin ba ta barin abin da ya shiga ya komo. Ƙaramin hanjinsa kuwa ya haura mita 20, watau kimanin ƙafa 70, siriri ne, yana rataye cikin wani tantani mai faɗi kamar labule, yana zamewa a kan ɗan'uwansa dare da rana. Abin da ke sa wannan zamewa ta yiwu shi ne wata fata mai santsi da ta lulluɓe hanjin da bangon cikin duka, wadda kaurinta bai wuce ƙwayar halitta ɗaya ba. Busasshen ƙyalle kaɗai in an goga mata ya isa ya saɓule ta. Babban hanji yana da faɗi da nauyi, ko ya ɗan manne abinci yakan sami hanya. Ƙaramin ne ba ya jure lanƙwasa, shi ya sa aikin ƙaramin hanji ya fi haɗari ta wannan fuska, kuma duƙushi ya fi babban doki saurin kamuwa.

Ga yadda mannewar ke ƙulluwa. Da zarar fatar nan ta ji rauni sai wurin ya kumbura, ƙananan jijiyoyin jini su fara yoyon wani ruwa mai danƙo. A cikin ruwan akwai abin da likitoci ke kira fibirin, shi ne zaren da ke daskarar da jini in mutum ya yanke. Cikin 'yan sa'o'i zaren nan yakan haɗa duk wurare biyu da suka jingina da juna, kamar saƙar gizo-gizo. Wannan ba abin tsoro ba ne tukuna, domin lafiyayyar fatar hanji tana fitar da wani sinadari da ke narkar da saƙar cikin kwana 2 ko 3, hanji ya ci gaba da zamewarsa. Amma in kumburin ya yi yawa, ko jini ya daɗe bai isa wurin ba, sai mai narkarwar ya gaza. Daga nan sai ƙwayoyin da ke gina tabo su shigo su bi saƙar, kafin kwana 5 zuwa 7 ta zama nama mai ƙarfi har da jijiyoyinsa. In ta kai wannan matsayi babu allurar da za ta narkar da ita. Saboda haka duk faɗan da za a yi da mannewa, a 'yan kwanakin farko ake yinsa, har ma da sa'o'in da suka gabaci wuƙa.

Wani likitan fiɗa na mutane a Ingila, Harold Ellis, ya nuna tun a 1962 cewa babban abin da ke jawo mannewa shi ne naman da jini ya yanke masa. Ya gano cewa in an yanki tantanin ciki aka bar shi yakan warke da kansa sumul, amma in aka ja shi aka ɗinke da ƙarfi har zaren ya shaƙe jijiyoyin, nan ne mannewa ke tsirowa. A ganinsa jiki ne ke kai wa naman da ke shirin mutuwa gudummawar jini daga maƙwabta. Abin taimako ne a asalinsa, sai dai a cikin doki taimakon kan zama ajali. Ba dawaki kaɗai ba ne: Ellis da wani abokin aikinsa sun ba da rahoto a 1990 cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na mutanen da aka taɓa tsaga wa ciki suna da mannewa, ko da yake yawancinsu ba ta dame su ba.

To, in rashin jini ne tushen abin, ashe ke nan kaso mai tsoka na rigakafin yana hannun mai doki da yaran bargarsa, tun likita bai wanke hannu ba. Hanjin da ya shaƙe yakan fara lalacewa cikin sa'o'i kaɗan. Ba wurin da ya shaƙe kaɗai ba, har hanjin da ke sama da shi, wanda ruwa da iska ke taruwa a ciki su buɗa shi kamar balan-balan, shi ma fatarsa takan ji rauni. Likita zai iya yanke ruɓaɓɓen ya yar, amma ba zai iya yanke mita goma na hanjin da ya sha kumburi ba, dole ya mayar da shi ciki haka nan, shi ne kuwa zai manne gobe. Dokin da ya isa asibiti da hantsi da wanda ya isa bayan isha'i, ko da ciwonsu ɗaya ne, ba hanji ɗaya likita zai tarar ba.

A nan ne nake ganin muna cutar kanmu. Allurar kashe zafi ta fulunizin, wadda ake sayarwa da sunan Banamine ko Finadyne, magani ce mai kyau, amma tana da ƙarfin da za ta kwantar da dokin da hanjinsa ke ruɓewa ya tsaya tsaf kamar ya warke. Yaron barga ya yi allura da azahar, doki ya natsu, da magariba ciwo ya dawo, ya ƙara wata, a haka dare ya raba. Ƙa'idar da likitoci ke bi mai sauƙi ce: ciwon da ya dawo bayan allura ta farko, ko ya ƙi lafawa sam, alama ce ta cewa abin ya wuce barga. Haka kuma a bar ɗura. Mai ko jiƙon kanwa da ake ɗura wa doki ana ɗage masa kai yakan sarƙe shi ya gangara huhu, ga shi kuma in tumbi ya riga ya cika da ruwan da ya komo daga hanji, ƙara masa wani abu neman fashewarsa ne, tun da ba ya amai.

Akwai abubuwan da kowane mai doki zai iya dubawa ya gaya wa likita ta waya. A sa yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙi a ƙirga bugun jini: na lafiyayyen doki 28 zuwa 44 ne a minti ɗaya, in ya haura 60 lalle akwai magana. A ɗaga leɓe a dubi dasashi: in ya bushe, ko ya yi ja wur, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko kuwa an danna shi da yatsa launinsa bai komo cikin daƙiƙa 2 ba, to, guba ta fara shiga jini. A lura da yaushe ya yi kashi na ƙarshe. Sa'an nan ga wani abu da ya shafe mu fiye da Turawa. Su yawancin dawakin hawansu dandaƙaƙƙu ne, mu kuwa ingarma muke hawa, ingarma kuma hanjinsa yakan zurara ta matsematsi ya faɗa cikin maraina ya shaƙe a can, musamman bayan barbara ko gudu mai tsanani. Wannan gwaiwa ta gaggawa ƙaramin hanji take kamawa. Saboda haka duk ingarman da ya yi ciwon ciki a shafa marainansa, in aka ji ɗaya ya kumbura, ya yi tauri, ya yi sanyi, kada a jira komai. Duƙushi kuma nasa haɗarin macijin ciki ne. In an bar su suka yi yawa sa'an nan aka ba shi magani mai ƙarfi, sukan mutu gaba ɗaya su cushe hanji, aikin fitar da su kuwa yana cikin waɗanda suka fi barin mannewa.

Wuraren da ke da teburin da zai ɗauki doki, da injin sa barci, da ɗakin farfaɗowa mai taushin bango, ba su da yawa a ƙasar nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai doki ya tambayi likitansa tun yau, ko ya tuntuɓi asibitocin koyar da aikin likitan dabbobi na jami'o'i, kamar na Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Ibadan, ya san inda za a nufa da motar da za ta ɗauka. In tafiyar mai nisa ce, likita ya fara zura mesa ta hanci ya janye ruwan tumbi kafin a ɗora dokin a mota.

Yanzu sai mu leƙa ɗakin fiɗa. Ƙa'idodin da ake bi a nan tsofaffi ne, akan danganta su ga William Halsted, likitan asibitin Johns Hopkins na Amurka wanda ya rasu a 1922: a taɓa nama a hankali, a tsayar da kowane ɗigon jini, a kiyaye tsabta, kada a ja ɗinki da ƙarfi. A cikin doki wannan yana nufin kada a bar hanji ya bushe a ƙarƙashin fitila, a dinga kwarara masa ruwan gishiri mai ɗumi, kada a goge shi da busasshen ƙyalle, kada hantsaki ya cije shi inda ba za a yanke ba, a cire duk naman da ya mutu, a yi amfani da zare siriri mai narkewa, kuma a gama da wuri. In an buɗe hanji, ko ƙwayar abin da ke cikinsa kada ta zuba. Tantanin ciki kuwa yawancin likitocin dawaki ba sa ɗinke shi, bisa darasin Ellis. Abin mamaki, Halsted ɗin nan shi ne ya kawo safar hannu ta roba cikin aikin fiɗa wajen 1890, daga baya sai aka gano hodar da ake barbaɗa wa safar domin ta yi saurin shiga hannu ita ma tana jawo kumburi da mannewa. Amurka ta haramta safar fiɗa mai hoda daga watan Janairu na 2017. Inda ake amfani da ita har yanzu, wajibi ne a wanke ta tas kafin hannu ya shiga ciki.

Bayan wannan sai dabarun zamani. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce wani ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa, wanda ake taƙaita sunansa da haruffan CMC, irin sinadarin da ke sa man goge baki kauri. Akan haɗa shi kashi 1 cikin ɗari, a dafa shi ya tsarkaka, likita ya shafe hannunsa da hanjin da shi tun kafin ya fara lalube, domin yatsu su zame ba tare da sun saɓule fatar ba. Binciken da aka yi a asibitocin dawaki na Amurka ya nuna waɗanda aka shafa wa sun fi tsira. Akwai kuma wata 'yar takarda mai narkewa, Seprafilm, da akan naɗe mahaɗin ɗinki da ita ta raba shi da maƙwabtansa na kimanin mako guda, daidai lokacin da fatar ke warkewa. Wasu likitoci sukan cire mayafin kitsen nan da ke lilo daga tumbi, domin yana da son manne wa rauni. Wasu sukan bar mesa a bangon ciki su dinga zuba ruwa mai ɗumi wajen lita 10 suna zagayawa da dokin sa'an nan su tsiyaye, a kwana biyun farko, ko da yake mesar kanta ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Akwai allurar hefarin mai hana jini daskarewa, wadda tsohon nau'inta kan sa jinin doki ya ragu. Akwai ma wani ruwa da ake tatsowa daga ciyawar teku.

Mai karatu zai ce, da wannan tarin magunguna ai an gama da mannewa. Ni kuwa yawan nasu ne ke nuna mini cewa babu ɗaya da ya raba gardama, domin da akwai shi da an watsar da sauran. Kowannensu ragewa yake yi. Wanda ya kai doki da hanji baƙi ƙirin bayan kwana guda yana birgima, kada ya ɗora begensa a kan yauƙi ko takarda.

Da doki ya miƙe daga barci sai a shiga faɗa na biyu, watau na kumburi da mutuwar hanji. Hanjin da aka taɓa yakan yi fushi ya daina motsi. In ya kwanta shiru, madaukansa suna jingine da juna, saƙar fibirin ta sami yadda take so. Ruwa kuma yakan taru ya koma tumbi, dole a dinga zura mesa ana janyewa kowane 'yan sa'o'i. In abin da ke fitowa ya wuce lita 2 a zura ɗaya, hanji bai farka ba tukuna. Shi ya sa akan rataya wa doki ƙarin ruwa ta jijiya dare da rana, a ba shi fenisilin da jentamaisin saboda ƙwayoyin cuta, a ba shi fulunizin domin kumburi da zafi, wasu kuma su haɗa da lidoken cikin ruwan, ko da yake masana suna jayayya a kan iyakar amfaninsa. Fulunizin ɗin ma takobi ne mai kaifi biyu. In aka wuce ƙima, ko aka ba dokin da jikinsa ba ruwa, yakan lalata ƙoda, ya kawo gyambon ciki da kumburin babban hanji, an kuma nuna yana jinkirta warkewar fatar cikin hanjin da ya sha shaƙa, dalilin da ya sa wasu likitoci suka koma ga melokzikam ko firokokzib. In kuma aka soka shi cikin tsoka maimakon jijiya, yakan haddasa wani mugun ruɓewar nama mai kisa. Wannan ba aikin yaron barga ba ne, komai daɗewarsa da dawaki.

Gubar da ke fita daga ruɓaɓɓen hanji ba a ciki kaɗai take tsayawa ba, takan sauka ƙafa ta kumbura naman da ke riƙe da kofato, har ƙashi ya saki. Maganin da aka tabbatar yana hana wannan shi ne tsoma ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara ba fashi, kwana 2 zuwa 3, tun kafin ɗingishi ya bayyana. A garin da wuta ba ta zama, sai a yi tanadin ƙanƙarar tun ana cikin fiɗa.

Mafi arhar maganin mannewa kuwa shi ne motsi. Da zarar ruwa ya daina komowa tumbi, akan fara ba doki ruwan sha kaɗan-kaɗan, sa'an nan tafin hannu na ɗanyar ciyawa mai laushi kowane 'yan sa'o'i, a kuma ja shi da hannu a zagaya na minti 10 sau uku ko huɗu a yini. Abinci kaɗan yana tayar da hanji, hanji mai motsi kuwa yana tsinke saƙar tun tana ɗanya. Dawa da gero da dusa mai yawa sai a jinkirta su makonni, har likita ya ba da izini. Na san wannan yana yi wa masu doki nauyi, domin a wurinmu ƙaunar doki a bakin akurkin hatsi ake nuna ta, kuma ba mai son a ga haƙarƙarin dokinsa. A yi haƙuri da ramar, tsoka za ta komo.

Tsagar ciki a tsakiya ake yinta ta ƙasa, nauyin kayan ciki duka a kanta yake, saboda haka tsarin da aka saba bi shi ne wata ɗaya a ɗaki ana zagayawa da hannu, wata ɗaya a ɗan ƙaramin fili, wata ɗaya a sake, sa'an nan a fara ɗora sirdi. Wata uku ke nan. In Salla ta faɗo a tsakiyarsu, ko Hawan Daushe ne ko Hawan Bariki, a ari doki ko a yi kallo. A dinga auna zafin jikinsa safe da yamma a makonnin farko, na lafiya digiri 37.5 zuwa 38.5 ne. A dubi ɗinkin kullum ko yana tsattsafar ruwa ko mugunya, domin ɗinkin da ya ruɓe shi ke zama ƙullutun ciki daga baya. A share barga daga leda da igiyar buhu, a daina zuba abinci a kan rairayi, ruwa kuma kada ya yanke a gabansa.

Mannewar da za ta ba da wahala galibi takan nuna kanta cikin wata biyun farko. Alamarta ciwon ciki mai zuwa yana tafiya, musamman jim kaɗan bayan cin abinci, da rama, da ƙin cinye abin da aka zuba. In ƙunci bai yi tsanani ba, akan iya zama da ita ta hanyar sauya ciyarwa: a bar busasshiyar harawa mai kara da ƙaiƙayi, a koma ga ɗanyar ciyawa ko abinci jiƙaƙƙe mai laushi, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini maimakon tuli biyu. In ta toshe hanya sam, sai fiɗa ta biyu, a yanke mannewar ko a yi wa abinci wata hanya ta kewaye, kuma likita mai gaskiya zai gaya wa mai doki tun kafin a fara cewa wurin da aka yanke yana iya sake mannewa, har fiye da na farko. Dokin da ya cika wata biyu yana cin abincinsa yana kashi yadda ya kamata, ya tsallake mafi yawan haɗarin, saura wata guda ya ga sirdi.